Sakataren Aljihu: Ajiyar da Muke Ba Waya a Ƙofar Kuyambana

Mutanen birnin Zariya da dama ba su taɓa jin sunan PDA ba sai da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ce za ta ƙirga 'yan Najeriya da wata na'urar tafin hannu, maimakon takarda da fensirin da aka yi aiki da su a 2006. An gwada na'urar a watan Yulin 2022, Daura na cikin wuraren gwajin, aka sa 3 ga Mayun 2023 ranar farawa, sai ana saura 'yan kwanaki gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage aikin. Matasan da suka nemi aikin ƙidayar sun ɗauki sunan a matsayin sabon abu, alhali ya girmi akasarinsu. John Sculley, shugaban kamfanin Apple na wancan lokaci, shi ya yaɗa shi tun 1992, yana nufin wata 'yar na'ura da za ta yi wa mutum aikin sakatare daga cikin aljihunsa: ta riƙe masa sunaye da lambobi, ta tuna masa alƙawari, ta ajiye abin da ya rubuta.

Tunanin ma ya riga sunan. Kamfanin Psion na Ingila ya fitar da tasa tun 1984. Apple ya fito da Newton a 1993, mai tsada da nauyi, wadda aka ce za ta karanta rubutun hannu amma ta yi ta kuskure har ta zama abin dariya a jaridun Amurka, aka daina yin ta a 1998. Wadda ta karɓu ita ce Pilot ta kamfanin Palm, a 1996. Jeff Hawkins da ya tsara ta sai da ya sassaƙa guntun katako daidai aljihun riga, ya riƙa yawo da shi yana yi kamar yana rubutu a kai, don ya gane abin da mutum ke buƙata da gaske a tsakiyar hidimarsa. Abin da ya gano kaɗan ne, shi ya sa manyan maɓallanta huɗu ne kacal: kalanda, adireshi, jerin ayyuka, da ɗan allon rubutu. Dala 299 aka riƙa sayar da ƙaramar, ma'ajiyarta kilobait 128, wato ba za ta iya ɗaukar hoto ɗaya irin na wayar yau ba. Ƙananan batura biyu na kai ta makonni. Ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto, kuma ana rubutu a kanta da ɗan tsinke, bayan mutum ya koyi wata hanya ta musamman ta zana kowane harafi.

Akwai wani ɓangare nata da masu ba da tarihi kan wuce da sauri, ni kuwa a ganina shi ne ƙashin bayan maganar. Ba ita kaɗai ake sayarwa ba. Tana zuwa da mazauni da ake jonawa da kwamfutar tebur. Da yamma mutum ya ɗora ta, ya danna maɓalli ɗaya, duk abin da ya shigar a ranar ya kwafu cikin kwamfuta. Dole ce ta sa haka, domin in baturanta suka mutu aka yi jinkirin sauyawa, komai na iya gogewa. Masu ƙera ta sun san abin da ke aljihu yana faɗuwa, yana jiƙewa, ana sace shi, saboda haka suka ɗauke ta kamar akuyar da ke fita kiwo da safe ta dawo turke da yamma. Mu akuyar ce ta iso mana, turken bai iso ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun da Palm ke tashe, kwamfuta a Zariya sai a wasu ofisoshin Jami'ar Ahmadu Bello da shagunan buga takardu, wayar tarho kuwa ta NITEL ce mai igiya, a gidaje ƙalilan. Na'urar da aka gina don ma'aikacin ofis mai tebur da jerin taruka ba ta da abin yi a zauren malami ko rumfar mai ɗinki. Sai a watan Agustan 2001, da Econet da MTN suka fara aiki, aljihunmu ya samu baƙo. Layi kaɗai ya kai naira dubu ashirin ko fiye, kira naira 50 a minti ɗaya, har Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa ya karya farashin. Ƙaramar Nokia mai tocila ita ce sakataren aljihunmu na farko, ko da yake ba wanda ya saye ta don haka. An saye ta don kira, sai aka tarar tana da agogo, ƙararrawar tashin asuba, kalkuleta, da wurin ajiye lambobi. Littafin adireshin da ake sawa cikin aljihun gaba ya fara ɓacewa daga nan.

BlackBerry ta yi nata zamanin wajen 2010 zuwa 2013, ɗaliban jami'a na Samaru da Kongo suna musayar lambar PIN, kuma ita ce mafi kusa da ainihin PDA da matasanmu suka riƙe. Zamanin bai daɗe ba. Kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya a ranar 4 ga Janairun 2022. Waɗanda suka shiga lunguna da gaske su ne Tecno, itel da Infinix na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wanda ya lura cewa mutumin nan yana son layi biyu a waya ɗaya saboda sabis na ɗaukewa, yana kuma son batirin da zai kwana biyu.

Ƙofar Kuyambana wuri ne mai kyau na kallon abin da aka yi da wannan baƙo. Tana cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birni, 'yar'uwar Ƙofar Doka da Gayan da Kona da Kibo, ta ɓangaren Wusasa da dutsen Kufena, inda mutanen cikin gari da na ƙauyukan waje ke cuɗanya tun safe. Duba telan da ke bakin hanya. A da awon mutane na cikin wani littafi mai datti da ke rataye a ƙusa, ko a jikin bango da alli. Yanzu mai kaya na Kaduna ko Abuja zai turo hoton aikin wuyan da yake so, tela ya tura wa mai ɗinkin hannu a cikin gari, a yi ciniki, a turo kafin alƙalami, ba tare da an ga juna ba. Awon, kalar zaren, ranar da aka yi alƙawari kafin salla, duk suna cikin hira ɗaya ta WhatsApp. Kalandar wayar kuwa, wadda Hawkins ya ba maɓalli na farko, da wuya ka ga telan da ya taɓa buɗe ta. Alƙawarinmu ba da ƙarfe kaza ake ƙulla shi ba. Bayan la'asar ne, ko jibi in Allah ya kai mu, ko kafin a ga wata.

Mai shagon kayan masarufi ya fi kowa dogara da wayar. Bashin unguwa da ke cikin littafi ya fara komawa waya, wani a allon rubutu, wani kuma ta hanyar tura wa kansa saƙo. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙarasa aikin. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, tsofaffin suka ƙi karɓuwa, sababbin suka ƙi samuwa, har gwamnatin Kaduna tare da ta Kogi da ta Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. A waɗannan makonni mai kayan miya da mai ƙosai, waɗanda ba su taɓa tunanin asusu ba, suka koyi cewa "sai na ga alat". OPay, Moniepoint da PalmPay suka shiga bakin kowa, mai POS ya zama bankin unguwa. Tun daga nan waya ta tashi daga ma'ajiyar lambobi ta koma ma'ajiyar dukiya.

Abin da ya fi burge ni a yadda mutanenmu suka sarrafa na'urar shi ne murya. Mai Palm sai ya koyi sabon salon rubutu kafin ta saurare shi. Dattijuwar cikin gida ba ta koyi komai ba illa danna wuri ɗaya ta yi magana. Gaisuwa, sanarwar suna, ta'aziyya, kwatancen gida, lissafin adashi, duk da baki, kamar yadda aka saba tun kafin waya. Malamin zaure yana karantarwa, almajiri ya ajiye waya gefen buzu tana naɗa, da dare ya sake saurare, gobe karatun ya kai ga wanda ke Legas yana neman abinci. A garin da aka san shi da karatun zaure wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai murya na da aibi ɗaya babba: ba a iya bincika ta. Wanda ke neman inda aka ce "dubu goma sha biyar ne, ba ashirin ba" sai ya saurari saƙonni arba'in, kuma su ne farkon abin da ake gogewa in waya ta ce ta cika.

Rubutun ma yana da tasa matsalar. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, Facebook ya samu Hausa a 2016, kuma akwai allon rubutu na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ ga duk wanda ya san inda zai kunna shi. Yawanci ba a sani ba, domin wayar na zuwa da Turanci kuma haka ake barin ta, tana gyara wa mutum Hausarsa zuwa kalmomin da bai nufa ba. Wannan ya dame ni musamman a Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda aka sha wahalar daidaita waɗannan haruffa. Wanda karatunsa na ajami ne kuwa yakan adana sunayen mutane da haruffan Larabci, ko ya haddace lambobi uku na ƙarshe, ko ya gane mai kira ta hoto. Dabara ce mai kyau, amma shi kaɗai ya san makullinta.

Batun lokaci ba sai an tsawaita ba. Manhajar salla na kiran salla a aljihu, wani lokaci ta riga ladan da 'yan mintoci, wani lokaci ta makara, mutane kuma ladan suke bi. Kalandar Hijira ta waya takan saɓa da kwana ɗaya, don haka azumi da salla sai an ji daga fadar Sarkin Musulmi. A nan jama'a sun san iyakar na'urar sarai, ba su ba ta abin da ba nata ba.

Inda ba su san iyakarta ba shi ne wurin ajiya, kuma abin ya fara ne daga caji. Wayar yau ba ta kai makonni kamar Palm. Yini ɗaya ne, in an yi sa'a. In wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, sai shagon mai caji, inda janareta ke ruri, wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar lamba manne a bayanta. Mutum zai miƙa abin da ke ɗauke da asusunsa, hotunan iyalinsa da sirrin kasuwancinsa, ya karɓi guntun kati, ya tafi. Yawancin masu cajin mutanen kirki ne, amana ce ke riƙe da sana'ar. Amma wutar janareta mai hawa da sauka tana cin batiri, batiri ya kumbura, waya ta fara ɗaukewa, a kai ta wurin mai gyara a Sabon Gari. Shi kuma in ya duba ya ce sai an yi mata filashin, tambayar da ke biyo baya ita ce, "Alhaji, ka san imel ɗinka?"

Alhaji bai sani ba. Ranar da ya sayi wayar, yaron shago ne ya buɗe masa imel cikin minti biyu don wayar ta tashi, ya sa lambar sirrin da ta zo masa a ka, bai rubuta ba, Alhaji bai tambaya ba. Abin takaicin shi ne ma'ajiya ta biyu tana nan, kyauta ma: Android na iya kwafe lambobi zuwa asusun Google, WhatsApp na iya ajiye hirarraki a can. Amma sai an kunna, sai da data, sai kuma mutum ya riƙe makullin. Wasu na kashe kwafin da gangan don kada ya cinye musu data, kuma ba zan ga laifin wanda ke sayen data ta naira ɗari biyu ba. Sakamakon dai ɗaya ne. In wayar ta faɗa rijiya, ko aka fizge ta a kan babur, ba kuɗinta kaɗai aka rasa ba. Tela ya rasa awon mutanensa ana saura mako biyu salla, mai shago ya rasa sunayen masu bashi, uwar adashi ta koma tana tambayar mata wa ya zuba wa bai zuba ba. Wanda ya taɓa ganin magidanci yana bin abokai yana cewa a turo masa lambar ƙanensa, domin bai haddace ko ɗaya ba, ya san abin da nake nufi.

Layin ma ya fi wayar haɗari. Tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, asusun banki kuma a jikin layin yake. Ɓarawon da ya samu sim marar makulli zai iya zura shi a ƙaramar waya ya gwada lambobin banki kafin mai shi ya kai ofis a yi masa walkam bak. Mata da tsofaffi da dama kuma layin da suke riƙe da shi da sunan wani aka yi rajistarsa, ɗa ko ƙane ko maƙwabci, don haka ranar da ya ɓace sai an nemo wancan. Layin da aka bari wasu watanni ba a amfani da shi kamfani na iya sake sayar da shi ga wani, saƙonnin banki su ci gaba da zuwa hannun baƙo. Ga kuma dattijuwar da ke ce wa jikanta, "Kai ɗan nan, zo ka duba min ko kuɗin sun shigo," ta ba shi lambar sirri domin ba ta da zaɓi. Sakataren aljihun nata sai da wani sakataren.

Hukumomi da kamfanoni ba su yi wannan sakacin da nasu na'urorin ba. Mashin ɗin POS ba ya riƙe kuɗi a cikinsa. Ko ya ƙone, lissafin na can a kamfani. Wayoyin da aka riƙa ba ayarin rigakafin shan inna a jihohin Arewa, tun farkon shekarun 2010, suna naɗar sawun inda ayarin ya bi, da yamma a kwashe bayanan a ga unguwar da aka tsallake, kuma wannan na cikin abin da ya taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a ranar 25 ga Agustan 2020. BVAS ta hukumar zaɓe an tsara ta ne ta tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, sannan ta ɗauki hoton takardar sakamako ta tura rumbun hukumar. Da turawar ta samu cikas a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, babban ɓangaren rigimar da ta biyo baya a kan kwafi na biyun ne. Na'urar ƙidayar ma haka aka tsara ta, ta riƙa aika abin da aka shigar zuwa cibiya.

Su ma ba su rasa nasu tuntuɓen ba idan suka zo ƙofar gida. Na'urar tantance katin zaɓe ta ƙi karanta yatsan shugaba Goodluck Jonathan kansa a Otuoke ranar 28 ga Maris 2015, balle yatsan manomi ko maƙeri da aiki ya shafe zanensa. Fam ɗin da ke cikin na'ura na neman ranar haihuwa da lambar gida, alhali dattijon Ƙofar Kuyambana zai ce an haife shi zamanin Sarki Ja'afaru, gidansa kuma kowa ya san shi da sunan kakansa. Takarda na barin ma'aikaci ya rubuta bayani a gefe. Na'ura ba ta wucewa shafi na gaba sai an cike gurbin, sai ma'aikaci ya ƙirƙiri 1 ga Janairu ya wuce. Kuma kowace irin na'ura ce, namiji baƙo a zaure zai tsaya, shi ya sa aikin rigakafin ya dogara da mata masu shiga cikin gida.

Wurin da rashin ma'ajiya ta biyu ya fi ciwo shi ne mutuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma kowane ɗalibin zaure ya san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci an zartar da wasiyyarsa. Littafin da ke cikin akwati ko ƙarƙashin buzu, magada na buɗe shi bayan sadakar uku, su ga wa ake bi, wa ke bi. Yau magidanci na rasuwa ya bar waya kulle da zanen yatsa ko lambar da shi kaɗai ya sani. A ciki akwai kuɗin wani da aka turo masa ajiya, akwai cinikin da ba a ƙarasa ba, akwai asusu biyu ko uku na manhajojin kuɗi da iyalinsa ba su san da su ba, akwai saƙon murya da ya ce wa abokinsa ya yafe masa sauran. Mai gyara zai iya buɗe wayar ta hanyar goge ta, wato a samu wayar a rasa abin da ake nema. Sai a koma ga sanarwa a wurin jana'iza, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya samu iyalinsa, a dogara da tsoron Allah na mutane. Na yi imani akwai haƙƙoƙin marayu da yawa da suka maƙale ta wannan hanya ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba, kuma ina ganin lokaci ya yi da malamanmu za su sa wannan cikin karatun gado da wasiyya, kamar yadda suke bayanin gona da gida.

Gyaran bai fi ƙarfin unguwa ba, kuma ba ya jiran gwamnati. Yaron shagon da ke buɗe wa mutum imel ya rubuta masa shi da lambar sirrin a bayan rasit, ya kunna masa kwafin lambobi da allon Hausa kafin ya fita. Minti biyar ne, kuma ƙungiyoyin masu sayar da waya na iya mayar da shi ƙa'idar sana'a. Kowa ya sa wa sim ɗinsa makulli, mace ta yi rajistar layinta da sunanta. Mai shago da tela da uwar adashi kada su jefar da littafi. Ranar Juma'a bayan an sauko, a zauna a kwafe bashin mako daga waya zuwa takarda. Magidanci kuma ya rubuta sunayen asusunsa da inda makullansu suke, ya rufe a ambulan, ya ba wanda zai ba wasiyyarsa, ya riƙa sabunta takardar duk lokacin da ya sauya waya ko layi.